Mokhles Pramanik, Mai Tsaron Wutsiyar Kaset

Mutanen Hijoltola manoman shinkafa da rama ne, masu kwale-kwale, masu son biki da tsokana. Garinsu yana tsallaken kogin Jamuna, tafiyar awa biyu a jirgin inji daga nan Sirajganj. Na ce "yana", amma sabon baki ne kawai. Kusan shekara talatin ke nan da kogin ya cinye shi a damina biyu. Ta farko ta tafi da gonaki da makaranta, ta biyu ta tafi da masallaci da kasuwa da maƙabarta. Waɗanda suka fito suka kafa ɗakunan kwano a kan ganuwar da aka yi don tare ruwa. Ba su zauna ba. Mazan suka kama tuƙa keken haya da saƙa, matan da yawa suka tafi masaƙun Dhaka. Abinci bai gagare su ba. Abin da suka rasa shi ne wurin da za su nuna da yatsa. A wurinmu ba a gama gaisawa da baƙo sai an tambaye shi, "Ina ne gidanku na asali?" Mutumin Hijoltola in aka yi masa wannan tambaya, sai ya dubi ruwa.

Ina koyar da jikokinsu a aji huɗu na makarantar firamaren da ke gindin ganuwar. A madadinsu nake rubuta wannan jinjina ga wani maƙwabcina da ya ajiye aiki a makon jiya, Mokhles Pramanik na kamfanin bidiyo na Jonaki.

Shekara talatin da bakwai, duk wanda ya bi layin kasuwa da ƙarfe bakwai na safe zai gan shi yana jingine baƙin kekensa a bangon kamfanin. Kafin ya buɗe ƙofa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. In rana ce, ya buɗe tagogin ɗakin baya. In hadari ne, ya toshe su da tsumma. Daga nan ya wanke hannu da sabulu har gwiwa kamar mai shiga ɗakin tiyata, ya sha shayi kofi ɗaya ba sukari, ya zauna a kan bencinsa. Ba ya zama a kantar ba da haya, ba ya hulɗa da masu haya. Mutane da yawa sun yi shekaru suna kallon fina-finan Jonaki ba su san da shi ba.

Marigayi Haji Mobarak Talukdar ne ya buɗe kamfanin da kaset arba'in da na'urar bidiyo biyu. Ya ɗauko Mokhles daga rumfar gyaran agogo, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, saboda ya ga hannunsa ba ya rawa. Aikinsa shi ne duk kaset ɗin da ya dawo daga haya ya mayar da zarensa farko, ya goge funfunar da laimar ƙasarmu ke haifarwa, in ya tsinke ya haɗa shi da reza da salatif. Amma ya ƙara wa kansa wata doka da ba wanda ya sa shi: kaset ba ya komawa kan kanta sai ya kalle shi har ƙarshe, har bayan sunaye sun wuce, har zaren ya tsaya da kansa.

Abokan aikinsa, da ke kiransa bhai, wato ɗan'uwa, sun sha tsokanarsa a kan haka.

"Mokhles-bhai, fim ɗin nan sau ɗari ka kalla. Har yanzu kana tsoron jarumin zai mutu ne?"

"Wa ya sani?" in ji shi. "Jiya na ga kamar ya rame."

A wancan zamanin ƙauyukan tsallake ba su da lantarki. In ana biki, sai a yi hayar komai gaba ɗaya na kwana uku: talabijin, na'ura, batir, fina-finai biyar ko shida, da kyamarar kamfanin guda ɗaya tilo, a loda a kwale-kwale. Sabon kaset ɗin da aka saya don ɗaukar bikin tun ranar farko yake cika, alhali rabin gari bai ga fuskarsa a talabijin ba. To mutanen Hijoltola ne suka fara gano cewa kowane fim in ya ƙare, akan sami sauran zare fanko na minti goma ko sha biyar. Sai su toshe ramin da ke hana ɗauka da ɗan salatif, su sa kaset ɗin haya a kyamara, su ɗauki kansu a wutsiyar. Ba da jimawa ba sauran ƙauyuka suka koya.

Asirin ya tonu ranar da wani tela ya shigo kamfanin yana huci.

"Haji, wannan wane irin wulaƙanci ne? Jarumi ya ɗaga takobi zai sare mugu, sai ga akuya!"

"Wace akuya?"

"Akuyar Hijoltola! Da wani tsoho yana riƙe da kunnenta yana cewa ta gai da mutanen birni!"

Haji ya aika aka kira dattijon garin. Tsohon ya zo, ya saurara, ya tauna ganyen da mutanenmu ke taunawa kamar goro, sannan ya ce, "Haji, wurin nan fa ba kowa a kansa. Mu a al'adarmu, in kogi ya haifi sabon tsibiri, wanda ya riga shuka shi ne mai shi. Na yarda yaran sun ɗan shiga gonar fim ɗinka, wannan kuskuren iyaka ne, za a gyara."

Haji ya yi dariya har da tari. Amma da tsohon ya tafi, ya leƙa ɗakin baya ya ce, "Mokhles, ka goge su duka."

Washegari Mokhles ya same shi ya ce, "Haji, ban goge ba. Hannuna ya ƙi. In na goge, wurin baƙi zai koma, wa baƙi zai amfana?"

"Ni dai kar in ƙara jin labarin akuya."

Ba a ƙara ji ba. Duk kaset ɗin da aka ci masa ƙarshen fim, Mokhles ya janye shi daga haya. Wanda wutsiyar kawai aka taɓa, sai ya ɗiga masa jan farce a baya, ya bar shi ya ci gaba da yawo har ya tsufa, sannan ya ɗauke shi ya ajiye.

Kai ne, Mokhles, ka ga mutane a inda kowa ya ga ɓarna. Ba ka san kogi zai zo ba, ba wanda ya sani. Ka dai ƙi sa hannunka ya shafe fuskar da ke dariya.

Da kogin ya zo, kaset-kaset na biki da ke gidajen mutane suka tafi tare da gidajen. Waɗanda aka tsere da su, funfuna ta cinye a ɗakunan kwano kafin shekara biyu. Mokhles ya je ganuwa ya sami wannan dattijo ya gaya masa abin da ke hannunsa. Hawaye suka zubo wa tsohon, ya ce, "Ka bari tukuna, ɗana. Ciwon ɗanye ne." Tsohon ya rasu bai sake tayar da zancen ba, sauran kuma sun ɗauka an goge tun tuni. Na tambayi Mokhles me ya sa bai koma ba. Ya kira ni yadda ake kiran malama a wurinmu, ya ce, "Apa, bai faɗa mini ranar da ciwon zai warke ba. Kuma kayan kamfani ne, ba nawa ba. Sai na ci gaba da jira."

Kamfanin kuwa ya ci gaba da sauya kama. Faifai ya zo ya ture kaset. Jonaki ya ɗauki masu kekuna suna kai wa mutane faifai har gida a ambulan, su dawo su karɓa bayan kwana biyu. Mokhles ya koma goge faifan da ya karce da man goge baki. Tsofaffin kaset aka jibge su a ɗakin baya har rufi. Shi kuwa ya tsince masu jan ɗigo, ya jera su a gwangwanayen biskit, kowanne da ƙullin gawayi don ya shanye laima. Duk lokacin sanyi, in iska ta bushe, sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya juya zaren daga farko zuwa ƙarshe ya dawo da shi, don kada ya manne. A shekarar da ruwa ya shigo kasuwa har ƙirji, mai shayin bakin layi ya gan shi da idonsa yana ratsa ruwan da gwangwani a ka, sawu goma sha tara, yana kai su saman masallaci. Ya ce ya yi masa ihu, "Mokhles-bhai, mutane na ceton shinkafa kai kana ceton biskit?" Mokhles bai tsaya ba, cewa kawai ya yi, "Riƙe mini tsani."

Haji ya rasu shekara tara da suka wuce. Ɗansa Imrul, wanda ya karanto kwamfuta a Dhaka, ya karɓi kamfanin. Yaro ne mai hankali da ladabi, kuma shi ya ceci Jonaki a lokacin da duk gidajen haya na garin nan suka rufe. Ya daina hayar faifai, ya buɗe manhajar da ake kallon fim kai tsaye a waya. A bara ya buƙaci ɗakin baya don sabbin injuna masu son sanyi. Ya yi magana da Gofur mai sayen tarkace ya zo ranar Alhamis ya kwashe kaset-kaset ɗin a kai su inda ake narka roba. A ƙarshen wancan watan kuma Mokhles zai ajiye aiki. Sau biyu ya tari Imrul da zancen gwangwanayen, sau biyu Imrul na riƙe da waya a kunne yana cewa, "To Baffa, zan duba." Bai duba ba.

Ranar Litinin ta wancan makon, ba tare da na san komai ba, na ba ɗalibaina aikin zana gidansu na asali. Aka zana itatuwan mangwaro, aka zana tafkuna da shanu. Tuli, yarinya ’yar shekara tara da ke zaune da kakarta Sokhina a kan ganuwa, ta shafe takardarta da shuɗi daga sama har ƙasa. Jhorna da ke kusa da ita, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu.

"Apa, Tuli ’yar kifi ce. Gidansu na asali a cikin tukunyar miya yake."

Aji ya fashe da dariya. Na tsawatar. Tuli ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kakata ta ce muna da gari. Amma ba ta da abin da za ta nuna. Wataƙila mantawa ta yi, ba mu da shi."

Da yamma na tarar da Mokhles a ƙofar gida yana gyara sarƙar keke. Na nuna masa takardar don kawai zuciyata ta yi nauyi. Ya goge hannunsa, ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

"Jikar wa ce?"

"Sokhina ta Hijoltola."

"Mai kabewa a kan rufi," in ji shi, kamar yana magana da kansa. "Apa, ranar Alhamis da hantsi ki kawo ta kamfani, ita da kakarta. Kada ki makara. In kin makara sikeli ya riga ki."

Na nemi izinin shugaban makaranta na kwashi ajin duka, yara talatin da ɗaya. Mun tarar Gofur ya riga ya rataye sikelinsa a ƙofa, an fara fito da buhuna. Imrul ya ga yara sun cika masa farfajiya, ya ce, "Baffa, makaranta ka buɗe ban sani ba?"

"Imrul, minti goma sha biyar nake roƙo," in ji Mokhles. "Tun zamanin mahaifinka ban taɓa neman hutu a ranar aiki ba. Ka ba ni wannan a madadinsa. Ka ajiye wayar, ka zauna. In ka gani ka ce a auna, ni da kaina zan ɗora a sikeli."

"Ni dai kilo na zo saye, ba labari ba," in ji Gofur. Amma shi ma ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

Na'ura ɗaya ce ta rage mai aiki a kamfanin, bel ɗinta ma daga tsohon tiyub na keke Mokhles ya yanka. Ya buɗe gwangwani na shida ba tare da ya yi lalube ba, ya zaro kaset, ya hure shi, ya sa. Ya tura shi can ƙarshe. Muka ga jarumi ya rungumi uwarsa, sunaye suka fara hawa. Sai muka ji ƙara, ƙurrr, kamar ana murƙushe takarda. Na'urar ta tauna zaren.

Yara suka ce, "Wayyo!"

"Ka gani?" in ji Gofur. "Shi da kansa ya zaɓi sikeli."

Imrul ya dubi agogo. Mokhles bai dubi kowa ba. Mutumin da yanzu in ya ɗauki kofin shayi sai ya ɗan zube, na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya buɗe murfin na'urar, ya zaro zaren a hankali kamar mai cire ƙaya daga bakin yaro, ya shimfiɗa shi a kan katako, ya yanke inda ya tamuke, ya haɗa baki da baki da salatif, ya naɗe da yatsa. Ya mayar.

Allon ya yi fari, ya yi rawa, sai ga ruwa. Daga ruwan sai ga gaɓa, da kwale-kwale a ɗaure, da wata babbar bishiyar hijol, da hanya mai jar ƙasa tana hawa zuwa cikin gari. Mata biyu suna sussukar shinkafa. Wani ya kori agwagi daga gaban kyamara. Sannan wani gida mai rufin kwano, kabewa ta hau kansa ta yi ’ya’ya.

Tsohuwa Sokhina, wadda tun da muka zo take ƙorafin an taso ta daga wanki, ta miƙe tsaye.

"La ilaha illallahu! Ƙofar gidana! Tuli, ƙofar gidana ce!"

Wata siririyar mace ta fito daga ƙofar da jaririya a kwatangwalo, ta ga kyamara, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya.

"Ga ni nan! Wannan ta hannuna uwarki ce, ko yaye ta ban yi ba!"

Tuli ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. "Kaka, ke ce wannan siririyar?"

"Ke rufe mini baki. A lokacin nan kakanki da iyo yake tsallako kogi don ya gan ni."

Ana cikin dariya sai wata murya ta fito daga bayan kyamarar, muryar mai ɗaukar hoton, mai kauri da ɗan tari a ƙarshe.

"Ku yi sauri ku yi dariya, jama'a, zaren ya kusa ƙarewa! Kada ku damu, na ce wa Mokhles ya riƙa gogewa, amma na san halinsa, ba gogewa zai yi ba."

Ashe a wannan bikin Haji da kansa ya riƙe kyamarar. Imrul ya yi shekara tara bai ji muryar mahaifinsa ba. Na ga ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa cikin yara, da farar rigarsa. Zaren ya ƙare, na'urar ta tsaya.

"Baffa," in ji shi da ƙyar, "irin wannan guda nawa ne?"

"Ɗari uku da goma sha biyu. Garuruwa bakwai. Huɗu a cikinsu suna ƙarƙashin ruwa."

"Waɗanne huɗun?" Gofur ne ya tambaya daga bakin ƙofa. Mokhles ya lissafa masa. Da ya kai na uku, Gofur ya fita, ya sauke sikelinsa, ya dawo ya ce, "Sauran tarkacen zan ɗauka. Gwangwanayen nan kuwa ko kyauta aka ba ni ba na auna garin ubana. A wanne ne namu yake?"

Imrul ya roƙi Mokhles ya ɗage ritayarsa, ya kuwa ɗaga har wata takwas. Tare suka zauna, tsoho da na'urarsa, yaro da kwamfutarsa, suka kwashe kowace wutsiya, Mokhles yana faɗin sunan gari da shekara da gidan da aka yi bikin, duk daga ka. Tsofaffin ganuwa suka riƙa zuwa suna cike sunayen fuskoki. Yau in ka buɗe manhajar Jonaki, akwai sashe mai suna Wutsiya, kuma kyauta ne ga kowa. Uwar Tuli ta kalli kanta tana jaririya a lokacin hutun cin abinci a masaƙa, ta bugo waya gida nan take. ’Ya’yanmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa suna turo saƙo suna cewa a duba musu minti kaza, kamar mahaifinsu ne ke tuƙa kwale-kwalen can. Akuyar da ta fusata tela ma tana nan, kuma an ce ita aka fi kallo.

Kai ne, Mokhles, mai jan ɗigo, wanda ya ɗauki garuruwa huɗu a ka ya ratsa ruwa da su. Kogi ya ci ƙasa, bai ci wutsiyar kaset ba, saboda kai kana zaune a bakinta. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ba ka taɓa cewa kana adana tarihi ba. Aikin da aka ba ka kawai ka yi, ka kai shi har ƙarshen zare. Mun gode. Mutanen ganuwa sun gode, ɗalibaina sun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta hutun da ka ƙi nema shekara talatin da bakwai.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malamai da masu jinya da masu shara da masu gyara, kowannenmu yana da wutsiyar da ba mai dubawa. Mu riƙa kaiwa har can. Ba mu san wa zai zo nema ba, ko bayan shekara nawa.

Ranar walimar sallamarsa, Tuli ta kai masa sabon zane. Shuɗin yana nan, amma ya koma ƙasan takarda. A samansa akwai bishiya, da jar hanya, da gida mai kabewa a kan rufi. Jhorna ce ta ara mata koren fensir. Mokhles ya sa tabarau ya duba, ya ce kabewar ta fi haka yawa, guda biyar ce. Ta karɓa ta ƙara biyu.

A hanyarmu ta komawa na tambaye ta abin da ta koya. Ta ce, "Apa, kakata ba ta manta ba. Muna da gari, sunansa Hijoltola. Ruwa ne ya rufe shi, amma wani mutum ya ajiye mana."